Ga Masu Gyaran Hoto: Inda Aka Sa Dishi-Dishi, A Mayar Da Yashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran hoto a kwamfuta, musamman matasan da suka shigo sana'ar nan Legas, daga situdiyoyin Agege da Idi-Araba zuwa masu kai aikin fosta da kalanda Shomolu a buga. Akwai aibi guda da yake ta yawaita a albom ɗin biki da banar 'yan takara da kalandar ƙungiyoyi. Za ka ga fuska sumul babu ramin gashi ko ɗaya, bango a bayanta ya narke, mutum ya fita daban kamar ba a wurin aka ɗauke shi ba. Masu sana'a suna kiran wannan fuskar roba. Asalin matsalar ita ce ana amfani da matatar dishi-dishi (blur filter, mai dusashe hoto) ita kaɗai, alhali tafiyarta ɗaya da matatar yashi (noise, ƙananan ɗigo-ɗigon da ke jikin hoto). Duk inda ka dusashe, ka kashe yashin da kyamara ta zuba a wurin, kuma sai ka mayar da shi daidai gwargwado ido zai yarda da hoton.

Bari in fara da yashin da ba a so, tunda shi ke tura mutane ga dusashewa tun farko. Yashi yana fitowa ne idan hasken da ya isa sensa, wato ɓangaren kyamara mai kama haske, bai wadata ba. A ɗakin taro da dare, mai hoto ya kai ISO, wato ma'aunin ƙarfin kama haske na kyamara, 3200 ko 6400 don kada hoto ya yi duhu, sai ɗigo-ɗigo su cika inuwa. Ƙa'idar lissafin ita ce idan haske ya ninka huɗu, yashi yana raguwa da rabi idan aka gwada shi da hoton kansa, don haka fitila ɗaya da aka ƙara a wurin ɗauka ta fi awa guda a gaban kwamfuta. Mu kuma muna da tamu matsalar ta daban. Ango baƙi ne ko wankan tarwaɗa, ya sha farar shadda, kyamara ta auna hasken rigar ta rage, fuska ta nutse. Da an zo gyara aka ɗaga inuwa don fuskar ta fito, yashin da ke kwance a cikinta sai ya taso gaba ɗaya.

Yashin iri biyu ne kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Akwai na launi, wato ɗigon ja da kore da shuɗi da ke warwatse a kan baƙin gashi ko baƙar abaya. Wannan mummuna ne, a cire shi duka, kuma cire shi ba ya cin komai daga kaifin hoto. Akwai na haske, ɗigo mai fari da duhu wanda launinsa ɗaya da wurin da yake. Wannan kusan ado ne, kuma garin korarsa ne ake kore fatar mutum. A manhajar Camera Raw ko Lightroom, ma'aunin rage yashin launi yana zuwa a kan 25 ga hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, kuma sau da yawa ya isa. Hoton dare sosai a kai shi 35 ko 40. Na haske kuwa a fara daga 10, a hau a hankali, a tsaya kafin 30 sai da dalili mai ƙarfi. Wanda ya kai shi 70 ya riga ya yi fuskar roba tun bai taɓa matatar dishi-dishi ba. A cikin Photoshop kansa, Reduce Noise da ke ƙarƙashin Filter yana da ƙarfi daga 0 zuwa 10. 4 zuwa 6 ya wadatar, a bar ma'aunin kiyaye zane sama da kashi 50, ma'aunin ƙara kaifi kuma a mayar da shi sifili, domin ba a ƙara kaifi lokacin da ake rage yashi. Rage yashi shi ne aikin farko, ƙara kaifi shi ne na ƙarshe. Wanda ya juya tsarin, yashin ya wasa, ba hoton ba. Kuma duk wannan a yi shi hoto yana zuƙe a kashi 100, wato Ctrl da 1, don a ƙasa da haka allon kwamfuta yana ɓoye gaskiya.

Wani abu da ake ɗauka yashi ne alhali ba shi ba ne: hoton da kwastoma ya turo ta WhatsApp, shi ma wani ya tura masa. Abin da ke jikinsa tabon matsewar JPEG ne, wanda ke yanka hoto gida-gida na fiksel 8 sau 8 (fiksel shi ne ƙwayar ɗigon da ake gina hoto da ita), ya bar ƙura-ƙura a gefen harafi da gefen fuska. Matatar rage yashi ba ta gane shi sosai. Magani na gaskiya a roƙi kwastoma ya turo asalin hoton a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba.

Sai dishi-dishi. Wanda kowa ya sani shi ne Gaussian Blur, mai ɗauke da sunan masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, da ya rasu a 1855. Aikinsa shi ne ya ɗauki kowane fiksel ya gauraya shi da maƙwabtansa, na kusa su fi tasiri, na nesa su ragu. Lamba ɗaya tak yake tambaya, faɗin gaurayar a fiksel, kuma tasirin yakan miƙe kusan ninki uku na lambar da ka rubuta. A nan ne masu koyo daga bidiyon intanet suke faɗawa rami. Sun ji an ce "sa 8", sai su riƙe 8 a kowane aiki. To 8 a hoton kyamara mai fiksel 6000 sau 4000 taɓawa ce kaɗan, amma 8 a hoton fasfo mai 413 sau 531 ta shafe hanci da ido. Lambar tana bin girman hoton ne da girman fuskar a cikinsa, ba ta da wani adadi tsayayye. Kafin a sa kowace matata kuma, a kwafi leya (layer, shimfiɗar da hoton yake a kai) da Ctrl da J, ko a mayar da ita Smart Object, wato leyar da ke adana asalin hoton, abin da Photoshop ya ba da damar sa wa matata tun fitowar samfurinsa na CS3 a 2007. Ta haka lambar tana nan a rubuce, gobe idan amarya ta ce an yi yawa sai a buɗe a rage, ba sai an sake aiki daga tushe ba.

Game da fata, ra'ayina shi ne Gaussian Blur kai tsaye a kan fuska ba gyara ba ne ko da an rage kaurin leyar (Opacity) zuwa kashi 30. Hanyar da ta dace ita ce raba hoto gida biyu, launi a ƙasa, zanen fata a sama. A yi kwafin leya biyu. A kashe ta sama, a sa wa ta ƙasa Gaussian Blur, ana ƙara lambar har ramukan gashi su ɓace amma siffar hanci da kumatu tana nan. Ga hoton rabin jiki daga kyamara mai megafiksel 24, yawanci tsakanin 5 da 9 ne. A kunna ta sama, a shiga Image, a zaɓi Apply Image, a nuna masa leyar ƙasa. Idan hoton mai bit 8 ne (bit shi ne ma'aunin yawan matakan launin hoto), a zaɓi Subtract, sikeli 2, sannan 128 a gidan ƙarshe. Idan mai bit 16 ne, a zaɓi Add, a kunna Invert, sikeli 2, gidan ƙarshe sifili. Leyar za ta koma toka-toka da zanen fata kawai. A sauya yanayin haɗinta zuwa Linear Light, hoto ya dawo yadda yake tun farko. Idan bai dawo daidai ba, an haɗa lissafin bit 8 da hoton bit 16 ne ko akasin haka. Daga nan duk wani daidaita launi, kamar inda hoda ta taru ko inda zufa ta yi ƙyalli a goshi, a leyar ƙasa ake yi, zanen fata yana sama ba a taɓa shi ba. Ƙurji kuma a leyar sama ake cire shi ɗaya-ɗaya.

Mai sauri, wanda ke da hoto 300 na biki ɗaya, yana iya amfani da Surface Blur, domin shi yana da lamba ta biyu da ke hana shi tsallake gefe: faɗi 5 zuwa 8, iyaka 10 zuwa 15, sannan a rufe leyar da baƙin marufi (mask) a buɗe ta da farin buroshi mai laushi a kumatu da goshi kawai. Idan iyakar ta wuce 25 fuska takan yi faci-faci. Abin da buroshi ba zai taɓa ba: ido, gira, gashin ido, leɓe, ramin hanci, gemu, gefen fuska, zanen lalle a hannu, da zanen gado a kumatun wanda yake da shi. Wannan na ƙarshe ba aibi ba ne da za a share wa dattijo ba tare da ya nema ba. Haka aikin hula da surfanin wuyan riga da idon leshi, kuɗi aka kashe a kansu don a gan su. A kula kuma, wayoyi da yawa suna yin nasu sumulcewar tun lokacin ɗauka, to hoton waya ba ya buƙatar rabin abin da hoton kyamara ke buƙata. Hoton biza kuwa a bar shi yadda yake. Ofishin jakadancin Amurka, alal misali, ba ya karɓar hoton da aka sauya kamannin mai shi.

Dusashe bango shi ne aka fi nema yanzu, kowa yana son hotonsa ya yi kamar an ɗauka da babban lens. Kuskuren da aka saba shi ne a kwafi hoto, a dusashe shi duka, a goge wurin mutum. Sakamakon shi ne wani hazo mai launin rigar mutum ya kewaye shi, saboda matatar ta riga ta jawo farin shadda ta shafa a bango. Gyaran shi ne a yanke mutum zuwa leyarsa, sannan a leyar bango a faɗaɗa zaɓin da fiksel 10 zuwa 20 a cike gurbinsa da Content-Aware Fill, ta yadda bangon zai zama babu kowa a ciki, sai a dusashe. Ba sai cikon ya yi kyau ba, mutum zai rufe shi.

Kuma bango ba ya dusashewa bai ɗaya. Ƙasan da mutum yake tsaye a kai nisansa ɗaya da shi daga kyamara, dole ya kasance da kaifi, dishi-dishin ya riƙa ƙaruwa yayin da ake nisa. Wanda ya dusashe tayil ɗin da ke ƙarƙashin takalmi ya sa mutum yana shawagi. A ja marufi mai tafiya daga baƙi a wajen ƙafa zuwa fari a wajen bango, ko a yi amfani da Field Blur da Tilt-Shift na rukunin Blur Gallery da ya zo da CS6 a 2012, inda ake kafa ƙusa a ba kowace lambarta: sifili a ƙafa, 6 a kujerun baya, 15 a bango. Lens Blur ya fi Gaussian kama da aikin gilashi na gaske, domin yana mayar da ƙananan fitilun ado ƙwallaye masu haske, shi kuwa Gaussian dame su yake yi su zama toka. Wurin da asiri ke tonuwa shi ne mayafi mai shara-shara da tsakanin hannu da jiki, inda ake hango bango ta ciki. Idan an manta da su, bango mai kaifi yana leƙowa ta cikin mayafi alhali na gefensa ya narke.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. An gama dusashe bango, mutum yana da yashinsa na ISO 1600, bango kuwa sumul. Ido yana ganin wannan bambanci ko mai kallo bai san sunansa ba, shi ya sa ake cewa hoton haɗi ne. Ga yadda ake mayar da yashin. A buɗe sabuwar leya da Ctrl da Shift da N, a zaɓi yanayin Overlay ko Soft Light, a kunna akwatin da ke cika ta da toka kashi 50. Tokar ba za ta bayyana ba. A mayar da leyar Smart Object, a shiga Filter, Noise, Add Noise. A zaɓi Gaussian maimakon Uniform, don shi ya fi kama da na kyamara, a kunna Monochromatic don kada ɗigon launi su dawo. Adadi kashi 2 zuwa 4 ga yawancin hotuna, hoton dare har 6. Yashin da manhaja ke zubawa fiksel ɗaya-ɗaya ne, ya fi na kyamara kaifi, saboda haka a bi shi da Gaussian Blur na 0.3 zuwa 0.6 ya ɗan yi laushi. Sai a ɗaure leyar a kan bangon kawai da Ctrl da Alt da G, a zuƙo kashi 100 a daidai kafaɗar mutum inda riga da bango suka haɗu, a riƙa rage kaurin leyar har yashin ɓangarorin biyu ya zama ba a bambance su. A gwada da wuri mai duhu, don a nan yashin kyamara ya fi yawa. Masu sabon Photoshop suna da ma'aunin yashi a cikin Blur Gallery da Lens Blur kansu, amma leya ta daban ta fi ba da iko. Wanda ba shi da Photoshop, GIMP kyauta ne kuma yana da HSV Noise da Gaussian Blur, Photopea kuma a burauza yake aiki da kusan sunaye iri ɗaya.

Haka ake yi wa fuskar da aka riga aka sumulce fiye da kima, da kuma hoton da aka yanko mutum daga waya aka ɗora a gaban gadar Lekki zuwa Ikoyi ko wani katafaren gida. A irin wannan haɗi, a duba wanne ya fi laushi tsakanin mutum da bango, a sauko da mai kaifin da 0.5 ko 1 ya daidaita da ɗan'uwansa, sannan a shimfiɗa yashi ɗaya a saman komai. Wannan shimfiɗa ta ƙarshe ita ke ɗinke su.

Masu bana da fosta, ku ma yashi abokinku ne. Hoto mai bit 8 yana da matakin haske 256 kacal a kowane launi. Ka ja bango daga shuɗi mai duhu zuwa mai ɗan haske, a ce daga mataki 40 zuwa 90, matakai 50 ke nan. A banar da ta kai mita 3, kowane mataki zai zama ɗamara mai faɗin santimita 6, kuma daga tsallaken titi ana ganin layukan. Mutane sukan ƙara dishi-dishi don su ɓace, sai su ƙara fitowa, domin dusashewa ma tana haifar da su. Maganin yashi ne kashi 1 zuwa 2, marar launi, wanda zai wargaza gefen kowace ɗamara. A yi aikin a bit 16 idan kwamfuta za ta ɗauka, a zuba yashin bayan an kai hoto girmansa na ƙarshe, domin rage girma yana cinye shi, ƙara girma kuma yana kumbura shi ya zama tabo. A adana a TIFF ko JPEG mai inganci 10 zuwa 12, a kai wa mai bugawa a filasha ko a tura a matsayin fayil. Idan aka matse shi sosai, yashin ne farkon abin da JPEG ke zubarwa, layukan su dawo bayan an riga an biya kuɗin bugu.

Malam Edita, saura magana ɗaya da ta shafi ku 'yan jarida da masu shafukan labarai. Ana amfani da dishi-dishi don ɓoye fuskar yaro ko wadda aka ci wa zarafi, ko lambar mota, ko takardar banki. Dishi-dishi ba ya share bayani, baza shi yake yi. Lambar asusu guda 10 ce, NIN da BVN guda 11 kowanne, kuma siffar rubutunsu sananniya ce. Mai naci yana iya rubuta lambobi, ya dusashe su da irin matatar, ya gwada da hoton har ya dace. A 2007 ƙwararrun 'yan sandan Jamus sun warware fuskar wani mai laifi da ya murɗe ta da matata, Interpol ta wallafa hoton, aka kama shi a Tailan. Abin da ya yi aiki a kan mai laifi zai yi aiki a kan wanda kuke son karewa. Ga lamba da rubutu, a ɗora baƙin akwati mai kauri kashi 100, ya wuce gefen rubutun kaɗan, a haɗe leyoyi duka, a fitar da sabon JPEG. Kada a tura PSD, wato fayil ɗin Photoshop, ko PDF mai leya, don ana ɗage akwatin a ga abin da ke ƙasa. Ga fuska, idan dole sai dishi-dishi, a rufe kai gaba ɗaya har kunne da gashi, a sa lambar da ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fuskar, sannan a gwada ta hanyar ƙanƙance hoton ya koma girman tambarin waya. Fuskar da ta ɓace a babban allo sau da yawa tana dawowa idan hoto ya ƙanƙance, kuma a waya mafi yawan masu karatunku za su gan shi. A duba har da bajen makaranta a aljihun riga da lambar gida a bango, domin 'yan unguwa da su suke gane yaro, ba sai sun ga fuskarsa ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran hoto,
Agege, Legas.